Ƙauyen Eyam na Ingila: tsibiri ne babu ko teku, ko dai annoba ce ta ba shi sunan?

Sani Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani ɗan ƙauye a Ingila da nake so mu tattauna a kansa, sunansa Eyam, a yankin Derbyshire yake cikin tsaunukan da suke kira Peak District, ba nisa da Sheffield. Rubutu Eyam amma idan za su faɗa sai su ce "Iim". A ƙidayar 2011 mutanensa 969 ne kacal, amma duk Ingila an san shi saboda annobar 1665 zuwa 1666 da mutanen garin suka kulle kansu don kar su kai wa maƙwabta ciwo. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ma'anar sunan wai tsibiri, alhali garin a tsakiyar ƙasa yake kan tudu, teku ma sai ka yi doguwar tafiya kafin ka gan ta. Masana tarihi ku zo ku warware mana.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. To ai ni ina ganin amsar a fili take Yaya Sani, tunda sun killace kansu ba shiga ba fita ai sun zama tsibiri kenan, ƙila daga nan sunan ya bi su

Malam Habu Tudun Wada:
A'a Hajiya, sunan ya girmi annobar da kusan shekara ɗari shida a rubuce ma kawai, balle a baki. Bayan Sarki William ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya sa aka bi ƙasar gari gari ana rubuta wa ke da gona, garma nawa, haraji nawa za a samu, aka haɗa kundin a 1086, shi ne ake kira Domesday. To garin nan yana ciki, wasu suna karanta rubutun Aiune wasu Aium, don a rubutun hannu na wancan zamanin m da n da u duk 'yan sanduna ne a jere sai ka lura sosai. Zuwa ƙarni na 13 kuma ana rubuta shi Eyum. Asalinsa tsohon Turancin mutanen Anglo-Saxon ne, kalmar eg wato tsibiri, idan aka yi jam'inta ana nufin wuri sai ta koma egum, ma'ana "a tsibirai". Baki ne ya yi ta tauna ta har ta zama Iim.

Abu Fatima:
Malam Habu ni ban gamsu ba gsky. Duk garuruwansu da ke ƙarewa da am ai daga ham ne, gida ko mazauni, kamar Birmingham da Nottingham. Me zai hana Eyam ya zama Ey-ham ne h ɗin ta faɗi?

Malam Habu Tudun Wada:
Tambaya mai kyau ɗan'uwa, kuma ba kai ka fara tunanin haka ba. Amma ƙa'idar masu binciken sunayen wurare ita ce ba a duba yadda ake rubuta suna yau, tsohon rubutu ake bi baya baya har a kai ga mafi daɗewa. Birmingham tun a tsofaffin takardu ham ɗinsa na nan, mazaunin mutanen Beorma ne. Nottingham ma haka, Snotingaham ne asali, mazaunin mutanen wani mai suna Snot, daga baya s ɗin farko ta zube. Shi kuwa namu Eyum ne da u, ita um ɗin nan alamar jam'i ce a nahawunsu na da, ba ham ba ce. Rubutun am na yanzu daga baya ya shigo.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni wannan magana ba ta ba ni mamaki ba ko kaɗan, mu nan kusa ga Maraɗi muna da Tsibiri, Tsibirin Gobir inda hwadar Sarkin Gobir take, wanda Nasara ke rubutawa Tibiri. Sarki Mayaƙi ya kahwa shi bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ina teku a Maraɗi? Babu, sai gulbi da hwadama. Ashe dai ba dole sai da teku ba a ce ma wuri tsibiri

Malam Habu Tudun Wada:
Madalla Ɗan Maraɗi, ka taɓo wurin. A wajen Anglo-Saxon eg ba sai ƙasa a tsakiyar teku ba, duk wani busasshen tudu a tsakiyar fadama, ko fili tsakanin rafuka biyu, ko ɗan wuri mai kyaun noma da daji ya kewaye, eg ne. Cikin Landan ma akwai su, Bermondsey tsibirin wani Beornmund ne, Battersea na Beaduric, ey da ea ɗin ƙarshen duk ita ce. Athelney a Somerset inda Sarki Alfred ya ɓuya a 878 lokacin da mayaƙan Viking suka matsa masa, tudu ne a cikin fadama. To a kan Eyam fassara biyu ake yi, wasu sun ce 'yan gonaki ne masu kyau a tsakiyar tsaunin da ba ya nomuwa, wasu sun ce don garin yana tsakanin ƙoramu biyu, Jumber Brook da Hollow Brook.

Injiniya Bashir:
Bari in sa baki ta ɓangaren ƙasa tunda aikina kenan. Ni na fi karkata ga ta farko. Idan ka duba taswira, arewa da garin tsauni ne na dutse mai tsakuwa tsakuwa irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, samansa sanyi da iska da ciyawa mai tauri, ba abin da zai yi sai kiwon tumaki. Kudu da shi kuma dutsen farar ƙasa ne, shi kuma halinsa ruwa ba ya zama a kansa, zurarewa yake ta tsaguwa ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Garin ya zauna daidai kan gaɓar da biyun suka haɗu, inda idanun ruwa ke ɓullowa daga gindin tsaunin kafin farar ƙasa ta shanye su, shi ya sa ma garin dogo ne siriri ya bi layi ɗaya. Manomin da ya fara isa wurin abin da ya gani kenan, 'yan wurare masu ruwa da ƙasar shuka warwatse a cikin wurin da ba shi da amfani, kuma jam'i ne fa, tsibirai ba tsibiri ba. Da don rafuka biyu ne da ɗaya za a ce.

Abu Fatima:
Wannan hujjar ta jam'i ta shige ni Injiniya. Amma me ya kai mutane wurin tun farko, noma kawai?

Injiniya Bashir:
Darma. Tun zamanin Rumawa ake haƙar darma a tsaunukan Derbyshire, kuma yawancin mazan Eyam rabi manoma ne rabi mahaƙa. Har kotu ta musamman mahaƙan ke da ita mai suna Barmote da ke raba rigimar rami da awon ma'adini.

Malama Rifkatu:
Sannunku da hira. Bari in ƙara abu ɗaya don na ga ana ta cewa ƙauye ƙauye, a tsarinsu gundumar coci ce. Wato an raba duk ƙasar Ingila ƙanana ƙanana, kowane yanki da cocinsa da limaminsa, a nan ake maka baftisma a nan ake ɗaura maka aure a nan ake binne ka, har kula da matalauta da gyaran hanya a da duk a wuyan gundumar yake. Sai a 1894 aka kafa majalisun gunduma na farar hula daban da na coci. Cocin Eyam sunansa St Lawrence, kuma a harabarsa akwai wani gicciye na dutse da aka sassaƙa tun wajen ƙarni na 8, kun ga shi ma shaida ne cewa akwai mutane a yankin tun kafin William. Abin da ya fi muhimmanci kuma, tun 1538 Thomas Cromwell, babban ministan sarkin Ingila na lokacin, ya ba da umarni kowane coci ya riƙa ajiye rajistar baftisma da aure da jana'iza. Da wannan rajistar aka san sunan waɗanda annobar ta kashe ɗaya bayan ɗaya da ranar da aka binne su.

Maman Khalifa:
Ikon Allah. To dan Allah a ba mu labarin annobar kanta mana, an bar mu da nahawu tun ɗazu

Sani Gwammaja:
Toh Maman Khalifa. A 1665 annoba na cin Landan, wadda aka rubuta ta kashe sama da 68,000, masana kuma suna ƙiyasta kusan 100,000. Ƙarshen bazararsu aka kawo ƙunshin yadi daga Landan gidan telan garin Alexander Hadfield, yaron shagonsa George Viccars ya kwance ya ga da danshi ya shanya a bakin murhu, ashe da ƙuma a ciki. Ranar 7 ga Satumba 1665 aka binne shi, shi ne na farko. Daga nan ta bi gidan da maƙwabta, da sanyi ya shigo ta ɗan lafa mutane suka yi zaton ta wuce, da zafi ya dawo a 1666 ta taso gadan gadan. A watan Yuni limamin cocin William Mompesson, saurayi ne bai kai shekara 30 ba kuma a 1664 ya zo garin, ya tara mutane suka amince da abu uku: ba wanda zai fita ko ya shigo, kowane gida ya binne mamacinsa kusa da gida ba a maƙabartar coci ba, sannan a rufe coci a koma ibada a fili a wani kwari da ake kira Cucklet Delf inda kowane iyali zai tsaya nesa da ɗan'uwansa. Abinci kuma mai sarautar Devonshire da ke zaune a Chatsworth da ƙauyukan kewaye su ke aikowa, a ajiye a bakin iyaka a juya. Har yau akwai dutsen iyaka tsakanin Eyam da Stoney Middleton da ramuka a jikinsa, nan suke zuba ruwan khal su jefa kuɗi a ciki don suna ganin yana kashe ciwon, akwai kuma rijiya ta arewa da ake ce wa rijiyar Mompesson.

Watan Agusta ne ya fi muni, sama da mutum 70 a wata ɗaya. Wata mata Elizabeth Hancock cikin kwana takwas ta binne mijinta da 'ya'yanta shida da hannunta, kaburburan na nan a gona ana kiransu Riley Graves. Matar limamin ma Catherine ta ƙi tafiya ta zauna tana jinya tare da shi, a watan ta rasu tana da shekara 27. Na ƙarshe ya mutu 1 ga Nuwamba 1666. Shi Mompesson a wasiƙar da ya rubuta a watan ya ce gida 76 ciwon ya shiga, mutum 259 suka mutu.

Maman Khalifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shida da miji, kwana takwas, ita kaɗai tana haƙa tana ja. Wlh jikina ya mutu, uwa ce kawai za ta san wannan

Ustaz Nura:
Subhanallah. Abin da suka yi ai shi ne abin da Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da shi kusan shekara dubu kafin su, hadisin na cikin Bukhari da Muslim: idan kun ji labarin annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna cikinta kada ku fita don gudunta. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarg aka ce masa akwai annoba, ya yi shawara ya juya, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi, ya ce eh muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Annobar Amwas kenan ta shekara ta 18 bayan hijira, Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal duk a cikinta suka rasu.

Dakta Zainab:
Ustaz hadisi gaskiya ne ba ja, kuma hana fita daga gari ya kare maƙwabta. Amma ni a matsayina na ma'aikaciyar lafiya akwai abin da ke damuna a labarin Eyam wanda masu ba da shi ba sa son taɓawa. Wannan ciwon ƙwayar Yersinia pestis ke kawo shi, sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ta a Hong Kong, ƙumar ɓera ke ɗaukar ta, ta sa kaluluwa ta kumbura a hammata da matsematsi, idan ta kai huhu kuma tari ma yaɗa ta yake. Mutanen Eyam ba su san wannan ba, sun zauna a gidajen da ƙumar take, da kayan shimfiɗar mamaci, mai jinya shi ne mai binnewa. A 2016 wasu masu bincike biyu Whittles da Didelot sun bi rajistar cocin nan gida gida suka ga kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwar daga mutum zuwa mutum ne, kuma yara da talakawa sun fi shan wuya. Kenan kullen ya tsare na waje amma ya cinye na ciki. Kuma Ustaz ka ƙarasa labarin Amwas mana, ai da Amr bin As ya karɓi jagoranci cewa ya yi mutane su watsu cikin duwatsu, ba su bar yankin ba amma ba su cunkushe ba, sannan ta lafa. Eyam ga tsauni a bayansu fili fetal.

Ustaz Nura:
Haka ne Dakta, Amr ya yi hakan kuma bai saɓa wa hadisin ba. Amma ki yi musu adalci, rufe coci da tsayuwa nesa da juna da hana taron jana'iza ai duk rage cunkoso ne gwargwadon saninsu. Kuma wa zai saki jama'a su watsu ya tabbatar ba wanda zai zarce Sheffield?

Abu Fatima:
Ni tambayata, da yardarsu ne kuwa ko dole aka yi musu? Mun ga kullen korona a Kano a 2020, mai hali ya cika sito ya rufe ƙofa, mai neman na yau da gobe shi ya ji a jikinsa. Ina zargin masu kuɗin Eyam tuni sun fice kafin a ja layi

Malam Habu Tudun Wada:
Zarginka na da tushe. Wasu masu hali sun bar garin kafin kullen, shi kansa Mompesson ya tura 'ya'yansa biyu waje. Sannan ka duba, mahaƙin darma da 'yan tumakinsa in ya gudu ina za shi, wane gari ne zai karɓi mutumin Eyam a lokacin? Abincin da ake aiko musu ma ai sharaɗinsa su zauna. Wani masanin tarihi Patrick Wallis ya yi rubutu a 2006 ya nuna cewa yawancin ƙawar labarin daga baya aka ɗora ta, musamman bayan wani ɗan garin William Wood ya rubuta tarihinsa a 1842, kusan shekara 180 bayan abin. Shi ne tushen cewa garin mutum 350 ne wajen kashi uku cikin huɗu suka ƙare, binciken baya kuma ya nuna sun kai 700 zuwa 800, kenan wajen kashi ɗaya cikin uku ko ɗan fiye suka mutu. Amma ni duk da haka ba na rage musu komai. Ko da rabin dole ne, wata biyar suna kallon mutuwa ga hanya a buɗe ba soja ba katanga, kuma suka tsaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dakta Zainab:
Ban ce ƙarami ba ne Malam, jarumtarsu daban, ingancin matakin daban. Ina so dai mu daina ba da labarin kamar ba a biya farashinsa da ran yara ba.

Ɗan Maraɗi:
Malam Habu mu koma ga sunaye don Allah, ni nan hankalina yake. Wannan Riley da Delf da sauran garuruwan da aka ambata hwa?

Malam Habu Tudun Wada:
Delf daga kalmar haƙa ce, rami ko wurin fasa dutse. Riley kuma haɗi ne na wani hatsi dangin alkama da suke nomawa a ƙasa mara ƙarfi da leah wato sarari a cikin daji, duk ley ɗin da ka gani a ƙarshen sunayensu yawanci ita ce. Middleton gonar tsakiya, tun shi ne gandu ko ƙauye, Stoney ɗin an ƙara ne saboda duwatsu don a bambanta shi da sauran Middleton masu yawa. Bakewell idon ruwan wani Badeca, Tideswell na wani Tidi, Chatsworth shingen Chetel. Kusa da Eyam akwai Foolow da Wardlow, mai jin Turancin yau zai zaci low ɗin ƙasa ƙasa take nufi, alhali daga hlaw ce, tudu ko tsibin ƙasar da mutanen da suka yi a kan kabari, shi ya sa duk low na yankin a kan tudu suke. Ko Peak ɗin ma yana da alaƙa da Pecsaetan, mutanen da suka zauna wurin a zamanin daular Mercia. Abin lura shi ne kewayen Eyam kusan duk sunayen Anglo-Saxon ne, amma babban birnin yankin Derby sunan Viking ne, by a yarensu mazauni, gaba ɗaya mazaunin barewa, kuma kafin su zo a ƙarni na 9 sunansa Northworthy. Da sunaye kaɗai za ka gane inda baƙin suka zauna da yawa da inda ba su cika hawa ba.

Malama Rifkatu:
Akwai mutum ɗaya da ba a ambata ba kuma ba na jin daɗin yadda ake mantawa da shi, Thomas Stanley. Shi ne limamin garin kafin Mompesson, ɗan tsagin Puritan ne, wato Kiristoci masu tsaurin aƙida da ke neman a gyara Cocin Ingila, bayan an maido da sarauta a 1660 aka sauke shi daga kujerar, dokar 1662 kuma da ta tilasta wa kowane limami bin littafin addu'a na Cocin Ingila ta raba wajen limamai 2,000 irinsa da aikinsu. Amma ya ci gaba da zama a Eyam kuma da yawan mutanen garin shi suke ji, ba sabon yaron da aka kawo musu ba. Da Mompesson shi kaɗai ya ce a kulle gari ba lallai a saurare shi ba, sai da su biyun suka ajiye saɓanin aƙida suka tsaya tare. Stanley ya riƙa bi gida gida yana rubuta wa masu mutuwa wasiyya. Amma yau rijiya sunan Mompesson, labari sunan Mompesson.

Sani Gwammaja:
Gaskiya ne Malama, ko da yake akwai dutsen tunawa da shi a harabar cocin. Kuma har yanzu duk Lahadin ƙarshe ta watan Agusta suna fita Cucklet Delf su yi addu'ar tunawa, a ajiye furanni a kabarin Catherine.

Maman Khalifa:
To su biyun ina suka ƙare bayan annobar, sun ci gaba da zama tare a garin?

Malama Rifkatu:
A'a Hajiya. Mompesson bai daɗe ba ya bar garin, aka mai da shi wata gunduma mai suna Eakring a Nottinghamshire, ya sake aure, a can ya zauna har ya rasu a 1709. Stanley kuwa bai je ko'ina ba, a Eyam ya rasu a 1670.